Gidan da Ba a Kuka

Baƙuwa ma'aikatan tafkin suke ce wa ciyawar, don babu wanda kakansa ya san ta. An ce wani mai hali ne ya shigo da ita daga wata ƙasa a cikin 'yar roba, ya zuba a kwarmin ruwan da ke tsakar gidansa saboda furenta mai ruwan shuɗi. Matarsa ta tsinkar wa ƙawarta, ƙawar ta tsinkar wa surukarta, kowa da abin da yake yabonta da shi: ba ta neman taki, ba ta neman kulawa, ko an manta da ita wata da watanni ba ta yin yaushi. Da ta cika wa mutane robobi sai suka riƙa kwasa suna watsawa a kwata, ruwan sama ya ɗauke ta ya kai tafkin da garin ke sha. Yanzu in ka tsaya a bakin ruwan sai ka rantse filin ƙwallo ne, kore shar har inda ido ya ƙare, alhali a ƙarƙashi kifi na mutuwa don rashin iska.

Malama ce shugabar masu kwashe ta. Ilimin tsirrai ta karanta, kuma ba da wasa ta karanta shi ba. Lokacin da mijinta ya rasu a hatsarin mota, danginsa sun zuba ido su ga ranar da za ta zo musu da 'yarta a hannu tana share hawaye. Har yau suna jira. Ita kuwa ta saka takalmin roba mai kai wa gwiwa, ta shiga ruwa tare da maza, ta kafa musu doka guda: ba a sarar Baƙuwa.

"Dogo! Me nake gani a hannunka?"

Dogo, mai tuƙa musu kwale-kwale, ya mayar da addar bayansa. "Malama, bayana ke ƙaiƙayi, sosawa zan yi."

"Da adda? To ka haɗa da wuyan mu huta. Sau nawa zan faɗa muku? Duk guntun da kuka sara, uwa ce sabuwa. A jawo ta da saiwarta, a shanya a kan daɓe, in ta bushe a ƙone."

"Wallahi wannan baƙuwa ta fi ƙanin matata naci," in ji Dogo, yana ɗaukar manjagara. "Shi ma kwana biyu ya ce zai yi. Yanzu shi ke zaɓar mana tashar da za a kalla."

Ranar Asabar ce, babu makaranta, don haka 'yar Malama tana zaune a kan baron da aka kife tana kallon su. Shekararta tara. Soja ake ce mata, tun ranar da aka yi mata allurar rigakafi tana ƙarama, yara na tsala ihu a layi, ita ta kalli nas ɗin ido cikin ido ko uffan ba ta ce ba. Malama ta ba da labarin nan ya fi a ƙirga, kullum a gaban yarinyar.

Wajen hantsi, Malama ta tura hannu ƙarƙashin ciyawar za ta jawo wani curi, wata tsohuwar waya ta yage mata tafin hannu. Jini ya yi ta zuba a kan ganyen.

"Subhanallahi! Malama, fito mu je a duba miki," in ji Dogo.

Ta yagi gefen ɗankwalinta, ta naɗe hannun, ta kama baki ɗaya da haƙori ta ja ƙullin. "Hannu ne, ba maƙogwaro ba. A ci gaba da aiki."

Ta waiga ta ga Soja na kallon ta, ido a buɗe, sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta da ya fi zafin yankan. Ba a jima ba yarinyar ta cire silifas ɗinta ta shiga gefen ruwan inda bai wuce idon sawu ba, tana jan saiwoyi da hannu biyu kamar yadda ta ga ana yi. Malama ba ta hana ta ba. Can sai ta ga ta tsaya cak, kafaɗunta sun ɗaga, leɓenta na ƙasa ya shige tsakanin haƙoranta.

"Me ya faru?"

"Ba komai, Mama."

"Yawwa, Sojana."

Yarinyar ta fito a hankali, ta saka silifas ɗin, ta koma kan baro ta lanƙwashe ƙafar hagu a ƙarƙashinta. Malama ta juya ga Dogo, wanda ya sake ɓata mata layin igiyar da suke jawo ciyawar da ita.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, su uku: Malama, Soja, da Inna, mahaifiyar Malama. Inna ta yi rayuwarta tana guga a wani otal, kuma a damtsenta na dama akwai tabon dutsen guga, shatinsa cif kamar an zana. Ranar da ta ƙone, sai da ta gama zannuwan gadon da ke gabanta kafin ta nemi ruwan sanyi. Da wannan hannun ta riƙe 'ya'yanta ba tare da ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Kalma guda ta raine su da ita. In ka faɗi, in an doke ka a makaranta, in ciki ya murɗa maka: "Shanye." Malama tana 'yar shekara goma ta faɗo daga matakala ta karya tsintsiyar hannu, Inna ta dube ta ta ce, "Kukan ne zai ɗora miki ƙashin? Shanye." Ta shanye. Kuma a ganin Malama, wannan kalmar ce ta kai ta jami'a, ita ce ta tsayar da ita a kan ƙafarta ranar da aka shigo da gawar mijinta. Ba ta da gadon da ya fi shi, don haka tun Soja na rarrafe ta fara miƙa mata.

A kwanakin da suka biyo baya yarinyar ta koma saka safa a cikin gida. Ta ce ta girma, ita za ta riƙa yin wankanta, a daina shigo mata. Ta fara wanke safarta da kanta tana shanyawa a bayan ƙofa. Malama ta faɗa wa Inna, tana murmushi, "Kin ga 'yar nan? Ba ta jira a ce mata."

"Jini ba ya ƙarya," in ji Inna, tana ninke kaya.

Ƙanwar Malama ce kaɗai ta yi magana. Ita ce ta fita daban a gidan: abu kaɗan sai hawaye, har suka raɗa mata suna Famfo. Ta leƙo su da yamma, ta ga Soja ta ratsa falo da kofin shayi tana taka diddige.

"Yaya, yarinyar nan ɗingishi take yi."

"Takalmin makaranta ne ya matse ta. Haka ta ce."

"Zo nan, 'yar gidana, mu ga ƙafar."

Soja ta tsaya, ta kalli uwarta. "Ba komai, Anti."

"Kin ji," in ji Malama. "Ba kowa ne sauro zai ciza a kira masa motar asibiti ba."

"Ku dai a gidan nan, ko wuta ce ta kama zaninku sai ku ce ɗumi kuke ji."

Inna ta yi dariya har da tari. "Ke kuma a rufe ki kada ki cika mana falo da ruwa. Ƙawata, rabu da ita, so take ki zama Famfo ƙarama."

Soja ta yi murmushi, ta wuce ɗaki. Da safe Malama ta taɓa goshinta ta ji ɗumi, ta ba ta maganin zazzaɓi, ta tambaye ta ko za ta iya zuwa makaranta. Ta san amsar tun kafin ta tambaya, kuma amsar take so ta ji.

Ranar da abin ya fito fili, Malama tana zauren taron wata unguwa tana yi wa matan gidaje bayani, don har yanzu akwai masu ajiye Baƙuwa a robobi suna kyauta da ita. Ta zo da curi guda a babbar kwalba ta ajiye a kan tebur. Wata mata mai manyan 'yan kunne ta ɗaga hannu.

"Ni dai ban ga laifinta ba. Sauran furannina kullum cikin nema suke, yau ruwa, gobe taki, jibi sun yi yaushi. Wannan kuwa ko tari ba ta taɓa yi min ba."

Malama ta tsoma hannunta mai lafiya ta ɗago ciyawar. Saman kore ne mai sheƙi, saiwar kuwa baƙa ƙirin, tana ɗigar da wani ruwa mai yauƙi. Warin ya bugi layin gaba, mata suka ja mayafi suka toshe hanci.

"Wadda ta yi yaushi ai taimakon ki ta yi, Hajiya, ta faɗa miki da sauran lokaci. Wannan ba za ta nuna miki komai ba sai abin da ke ƙarƙashinta ya gama mutuwa. Kuma abin da nake roƙon ku, in kun ƙi rabuwa da ita, ku bar ta a gidanku. Kada ku ba kowa. Duk wadda ta kai ta wani gida, da niyyar alheri ta kai."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Malamin ajin su Soja ne. Ya ce yarinyar ta tashi za ta je gaban allo ta yanke jiki ta faɗi, sun wuce da ita asibiti.

Ta same ta a kan gado a ɗakin gaggawa, an saka mata ƙarin ruwa, idonta biyu. Wata nas na yanka safar da almakashi don ta manne da fata. Da ta ɓare ta, sai ga tsumma a ƙarƙashi, gefen wani tsohon ɗankwali, an naɗe shi an ƙulle, bakin ƙullin duk shatin haƙora. Malama ta san wannan ɗaurin. Irinsa ne a hannunta.

Warin da ya tashi ya sa nas ɗin ta kawar da kai. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana ƙyalli. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi, kuma daga ƙarƙashinsu wani yanka ya ratsa tafin, bakinsa cike da mugunya.

"Gwangwani ne, Mama," in ji Soja da ƙaramar murya. "A cikin ruwa. Na wanke shi kullum."

Likita ya zo, dattijo mai tabarau a kan hanci. Ya duba ƙafar, ya dubi Malama tun daga takalminta har ɗaurin hannunta.

"Ke ce uwar? Ina kike har ta kai haka?"

"Ina nan," in ji Malama. Ba ta sunkuyar da kai ba, amma muryar ba tata ba ce.

Ya ja kujera ya zauna. "Yatsun nan biyu sun tafi, wannan babu magana. Abin da nake so in ceto shi ne sauran ƙafar. Naman da ya mutu ba ya jin komai, mai rai shi ke zafi. Ina so in san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara kafin mu shiga da ita tiyata, kuma ido kaɗai ba zai ishe ni ba. In ban samu iyakar ba, dole in yanka da nisa don kada in bar ruɓa a ciki." Ya juya ga yarinyar. "'Yan mata, zan taɓa wurare. Duk inda kika ji zafi ki faɗa min, kin ji?"

Ya danna gefen baƙin yatsan. "Nan fa?"

"Ba zafi."

Ya matsa sama, tsakiyar tafin. Malama ta ga yatsun hannun 'yarta sun damƙe zanin gado. Yarinyar ta juyo ta kalle ta.

"Ba zafi."

Ya danna kusa da diddige, inda fatar ta yi ja. Gumi ya keto wa Soja a goshi. Idonta na kan uwarta.

"Ba komai."

Likitan ya cire tabarau. "Ko dai ƙafar nan ta mutu har sama, ko kuma yarinyar nan ba ni take amsa wa ba."

Malama ta durƙusa a gefen gadon. "Soja, faɗa masa gaskiya. In da zafi ki ce da zafi."

Yarinyar ta yi ta kallon fuskarta tana neman inda tarkon yake. Ta san uwarta kan gwada ta. Ta taɓa cewa, bari mu gani ko za ki yi raki, ranar cire haƙori, kuma da ba ta yi ba har hoto aka ɗauke ta.

"Da gaske nake. Na ba ki izini." Malama ta ɗago hannunta mai ɗauri. Ta so ta ce, kin ga nawa, tun ranar yake min zugi, ba na iya barci a kansa. Amma ba ta taɓa furta irin wannan magana ba, ba ta san ta inda ake fara ta ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ki daure ki faɗa."

"Ina daurewa, Mama," in ji Soja.

"Baiwar Allah," in ji likitan a hankali, "fita ki ba mu wuri."

A duniya babu wanda ya taɓa korar Malama daga ɗaki ta fita ba ta mayar da magana ba. Ta miƙe ta fita, nas ta rufe ƙofar.

Inna na zaune a benci a barandar, Famfo ce ta kawo ta, sannan ta tafi karɓo magani tana sharar hawaye da gefen mayafi. Malama ta jingina da bango kusa da ƙofar. Tana jin muryar likitan ƙasa-ƙasa, kamar mai lallashin jariri. Sai wani sauti ya fito, siriri, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ya tsaya. Ya dawo da ƙarfi.

"Wayyo! Nan! Nan da zafi! Wayyo Allah, nan ma!"

Malama ba ta gane muryar ba da farko. Rabon da ta ji kukan 'yarta tun tana goye. Ashe haka yake, ashe yana da kauri a ƙarshe irin na ubanta. Mutanen da ke layi suka juyo suna kallon ƙofar.

Inna ta gyara zama. "Shiga ki ce ta yi shiru. Mutane na ji."

"Su ji."

"Ke! Ni kike faɗa wa haka?"

"Inna, duk ihun da ta yi, wani yanki ne na ƙafarta ya tsira. Ki bar ta." Ta matsa ta tsaya a bakin ƙofar, bayanta a jikin katakon, kamar mai gadi. "Babu mai shiga."

Tsohuwar ta dube ta. "Da abin da kike raina na riƙe ku. Da na zauna ina kuka, wa zai ba ku abinci? Wa ya taɓa tambaya ta ina ke min ciwo?"

"Babu," in ji Malama. "Na sani, Inna. Ke ba ki da wanda za ki faɗa wa. Ita tana da ni."

Inna ta juya fuskarta ga bango, ta ɗora hannu a kan tabon damtsenta.

An cire yatsun biyu da ɗan gefen tafin. Likitan ya ce sauran ƙafar za ta rayu, za ta yi tafiya, sai dai gudu ba zai dawo kamar da ba, kuma takalmi sai an riƙa yi mata ciko. Da rana tsaka Soja ta farfaɗo sosai a ɗakin yara, ta ga uwarta a kujera. Ta kalli tulin bandejin da ke ƙarshen gadon, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. Na yi kuka. Kin ji ni?"

"Na ji ki."

"Likita ya ce ba zai faɗa miki ba."

Malama ta gyara mata filo, ta share mata goshi, ta yi duk abin da hannu zai iya yi don bakinta ya ƙi buɗuwa. Daga baya ta ce, "Yanzu fa? Yana zafi?"

Yarinyar ta sake yi mata wannan kallon, tana auna amsar.

"Kaɗan."

Washegari da safe nas ta turo keken kayan wankin ciwo, kwalabe na kaɗawa. Soja ta ga auduga da almakashi, ta ja bargo har haɓa.

"Mama, za ki fita?"

"Kina so in fita?"

Ta gyaɗa kai, ba ta kalle ta ba.

Malama ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa, ta kama mariƙin, ta tsaya. Sai ta dawo, ta ɗaga kujerar ta juya ta, ta zauna fuskarta na kallon bango, inda fenti ya ɓare aka manna hoton wata giwa. Ta miƙa hannunta ta baya a kan gadon.

"Ba na ganin ki. Bango nake gani."

Nas ta fara warware bandejin. Malama tana jin numfashin 'yarta yana sauri, yana sarƙewa, ana danne shi. Ta zauna ba ta motsa ba, hannunta a buɗe a kan bargon, har ya fara sanyi. Da audugar ta taɓa ciwon, wasu ƙananan yatsu masu zafi suka lalubo nata suka damƙe, farce na shiga fata, kuma a bayanta kukan ya fara fitowa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa yana saurare ko za a ce masa wani abu.